Korayen Akun Lambun Maureen

Ƙarfe takwas na safe Maureen Haddow ta turo mijinta Clive a keken guragu gaban tagar da ke kallon lambu, ta gyara masa tabarau, ta goge masa yawu. Tun da ɓarin jikin Clive ya shanye bara, magana ta ɗauke masa. Hannun hagu kaɗai yake iya ɗagawa.

Ba a jima ba suka sauko, korayen akun nan masu dogon bindi da suka addabi unguwannin Kingston. Sun fi goma, sai ƙara suke yi. Suka rufe mazubin gyaɗar da ke rataye a bishiyar tuffa, ƙananan tsuntsaye suka watse. Clive ya hau dukan hannun keke yana gurnani.

Maureen ta fita da tiyo, ta feshe su har sai da suka tashi.

Maƙwabcinsu Gordon ya leƙo ta saman danga. "Yau ma yaƙin ne, Maureen?"

"Ai dole. Ba ka ga yadda suke tayar masa da hankali ba? Shi 'yan ƙananan nan yake so."

Gordon ya jinjina kai. Shekara talatin yana jin tsawar Clive ta bango, ya kuma sha ganin Maureen da baƙin tabarau a ranar da babu rana, tana ɓoye kumburin ido. Amma ga ta yau tana hidima ba gajiya. Ya ce wa matarsa irin Maureen sai an tona.

Ta rataya tsofaffin faya-fayai masu ƙyalli, akun suka saba da su. Ta kafa mujiyar roba, suka hau kanta suka zauna. Daga ƙarshe ta sayo ragar ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, wadda sai ɗan ƙaramin tsuntsu zai iya kutsawa. Gordon da kansa ya ɗaura mata ita kewaye da mazubin gyaɗar, ya ƙi karɓar komai sai kofin shayi.

Kwana tara akun suka yi suna zagaya ragar. Daga nan ba su sake zuwa ba.

Clive ya daina dukan keke. Yakan wuni ido a kan taga, hawaye na gangaro masa.

"Kukan daɗi ne," in ji Gordon. "Allah ya saka miki."

Da ya tafi, Maureen ta zuba sabuwar gyaɗa, ta dawo ta tsuguna daidai kunnen mijinta.

"Lambu ya cika da tsuntsaye, maigida. Kalli mana."

Ta miƙe ta ɗora ruwan shayi, tana 'yar waƙarta. Ita kaɗai ce a ɗakin ranar da likitan ido ya ce Clive ba zai ƙara ganin ƙananan abubuwa ba, kuma tun lokacin korayen akun nan ne kaɗai abin da yake iya gani a duk faɗin lambun.