Fuskar da ke Kan Kwalin Magani

Tun da aka kafa dokar, kowane kwalin magani yana ɗauke da fuskar ma'aikacin kamfani mai takardar shaidar ƙwarewa. In ka taɓa fuskar, sai ta faɗi yadda ake sha.

A tashar mota Indo ta gane Tanimu, mai fuskar da ke kan kwalin maganin da ke hannunta. Ta suri benci ta rafka masa a ƙeya.

"Kai ka ce biyu da safe! Jiya muka binne maigidana!"

"Baiwar Allah, hayar takardata kawai na ba kamfanin," in ji shi, bakinsa duk jini. "Wallahi ban taɓa ganin maganin ba."

Jama'a suka rufe shi da duka. Kwalin ya faɗi, wani ya taka shi.

Fuskar ta yi murmushi ta ce, "Biyu da safe. Allah ya ƙara sauƙi."