Awarwaron Lantana

Tun da aka kafa dokar kare haƙƙin majinyata, duk ma'aikacin motar asibiti sai da aka sanya masa awarwaro mai ɗaukar zafi da zarar wani ya danne bakin wani. Lantana ce ta zo ta ɗaya a horon da aka ba su. Ta haddace alamomin tsaf: mai amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, mai riƙe wa majinyaci waya, da majinyacin da sai ya saci kallon ɗan rakiya kafin ya buɗe baki.

Ranar hutunta ta kai mahaifinta, Malam Sallau, wajen likitan ido. Ta gyara masa hula, ta karɓe wayarsa kada ta faɗi.

"Baba, ka amince a yi aikin?" likita ya tambaya.

"Ya amince," in ji Lantana. "Mun gama magana tun a gida."

Awarwaron ya ɗau zafi. Ta waiga tana neman azzalumin, amma su uku ne kaɗai a ɗakin, kuma tsohon ita yake kallo ta wutsiyar ido.

Ta zaro wayar ta damƙa masa. "Baba, bari in jira a waje."

Ya kamo hannunta, ya ji zafin, ya shiga hura mata wurin kamar yadda yake hura mata kunu tana ƙarama.

"Zauna, uwata, ki dai yi shiru," ya ce. Sannan ya juya. "Likita, sake tambayata. Ni fa tsoro nake ji."