Rabon Waccan

Talotalon ya fi ƙarfin tanda, sai da Firdausi ta datsa shi gida huɗu, ta mulke shi da yajin ƙuli-ƙuli kamar tsire. Haka Hajiya Hasiya take yin nata a da, tun shekarar da ta baro Maraɗi ta sauka Harlem. Takan ce Amurkawa sun iya godiya ranar Thanksgiving, gashin nama ne dai Allah bai ba su ba.

Girkin bana kuwa ba na biki ba ne kawai. Hajiya ta daina cin abinci. Tsufa ya fara cinye mata tunani, sannan ya koma kan jiki, har zobe yana zame mata daga yatsa. Likita bai ɓoye ba: in ba ta koma ci ba, ranar Litinin za a ɗauke ta zuwa gidan kula da tsofaffi. Firdausi ta yi aiki a irin gidajen nan, ta san da wuya wanda ya shiga ya dawo.

Hujjar Hajiya ɗaya ce, ba za ta ci ba sai 'yarta ta zo. Sunan ma ba ta faɗa, domin 'yar fari ce, ita kuma mutuniyar da ce, kunya ba ta barin uwa ta kama sunan ɗan fari. "Waccan" kawai take cewa. An taɓa gwada gaya mata gaskiyar inda waccan take, ta yi ta kuka har ta shiɗe. Daga ranar kowa ya ja bakinsa.

Firdausi ta gyara shuɗiyar rigar aikinta. Ko ranar hutu ba ta cire ta a gidan nan, don Hajiya ba ta sakin jiki da kowace mace sai mai wannan riga. Masu aikin jinya da yawa sun ratsa gidan, Shamima, Sumaya, har da wata 'yar Jamaika, duk Hajiya ta riƙe sunayensu tana kira har ta gundure su. Firdausi kaɗai ce ba ta samu wannan daraja ba. "Ke" ce ita, safe da yamma. Ba ta taɓa ƙorafi ba, takan ma ɗan yi murmushi in an kira ta haka.

Bayan azahar gida ya cika. Isufu, autan Hajiya, ya ajiye tasi ya zo da matarsa da yaransa, masu jin Hausa su amsa da Turanci. Akua, maƙwabciya 'yar Kumasi, ta shigo da tukunyar shinkafa da wake da kek ɗin kabewa, tana haki saboda matakala.

"Kawo, Yaya," in ji Isufu, ya karɓi farantin naman daga hannun Firdausi ba tare da ya dubi fuskarta ba.

Aka zaunar da Hajiya a tsakiya. Yaran suka ce a yi yadda ake yi a makaranta, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Aka zagaya, ana dariyar ƙarfin hali. Aka zo kan Hajiya. Ta jawo kwano, ta zuba dambu da zogale, ta zaɓi cinya mafi tsoka ta ɗora, ta rufe da faifai. Rabon waccan ke nan.

Sai ƙamshin yajin ya tsayar da ita. Ta yagi ɗan nama, ta kai kusa da baki. Cokula suka tsaya a hannun kowa.

"Ke, wa ya koya miki wannan yaji?"

"Tsohuwata ce, Hajiya."

Hajiya ta daɗe tana kallonta.

"Ta yi sa'ar ɗiya," in ji Hajiya. Ta mayar da naman faranti, ta goge yatsunta.

Akua ta roƙa, ta haɗa ta da Allah. Isufu ya durƙusa gabanta da cokali kamar mai lallashin jariri. Hajiya ta kafe ƙofa da ido, duk motsin da aka yi a matakala sai ta miƙe wuya. Mai ya daskare a kan naman. Yara suka sulale wajen talabijin, manya kuwa kowa yana tunanin Litinin a ransa.

Gab da magariba Hajiya ta sauke numfashi.

"Ba ta tahowa," ta ce. "Ɗiyar da ta bar uwarta hannun 'yan aiki, mi za ta zo nema? Na haƙura da ita."

Ta ɗaga kwanon.

"Firdausi."

Ta faɗe shi sarai, ba gargada. Isufu ya sunkuyar da kai, Akua ta rufe baki da gefen gyale.

"Ungo, ki kai gida ki ci. Kin fi ta."

Firdausi ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta wuce kicin ta jingina da bango. Duk tsawon ciwon nan da "ke" ɗin take rayuwa, tana gaya wa kanta cewa ko ido ya manta, harshe bai manta kunyar 'yar fari ba. Yanzu wannan ma ta tafi. Tun da aka haife ta a Maraɗi, yau ne karo na farko da ta ji sunanta a bakin mahaifiyarta.