Kalmar Sirrin da Ta Cinye Makau

Jabiru ne ya rubuta wa ƙungiyar masu shanu ta ƙauyensu, can gefen Zugu, 'yar manhajar rigakafin shanu. Da yaren kwamfuta na Python ya haɗa ta. A kwamfutar ƙungiya take adana sunan kowa, yawan shanunsa da inda suke kwana.

Abu ɗaya ya rage: ya rikita bayanan da makulli, yadda ko an kwafi fayil ɗin ba mai iya karantawa. Aikin yini guda ne fa! Amma gogan naka ya sa kalmar sirri a fuskar manhaja, ya kaɗe hannu.

"Wa za ya saci fayil a Bukkuyum?" in ji shi. "Sai bayan damina."

Kwamfuta ta lalace, aka kai ta gyara kasuwar Gummi, ta dawo. Ba a jima ba ɓarayin daji suka fara shigowa. Abin tsoro, ba sa lalube. Kai tsaye sai gidan mai garke, har su ce, "Ba su cika ba, ina sauran?"

Gari ya ɗauki zargi. Maƙwabci na kallon maƙwabci ta wutsiyar ido. A hankali idanu suka taru kan Makau, mai yawon yi wa shanu allura a babur.

Maigari ya kira Jabiru. "Yaro, na'urar ga tana iya hwaɗin sirri?"

"Ranka ya daɗe, da kalmar sirri take. Ni da Makau kaɗai munka san ta."

Shi ke nan. Matasa suka rufe Makau da duka yana rantsuwa, suka ƙone babur ɗin.

Makau na kwance asibiti, sata ba ta tsaya ba. Jabiru ya fara zargin manhajarsa. Ya kwafi fayil ɗin zuwa wata kwamfuta, ya danna. Wayyo! Ya buɗe tsaf, ko tambaya babu. Ashe a wurin gyara aka kwafe shi, ya kai hannun ɓarayi; wanda ya yi, har yau ba a sani ba.

Ya garzaya asibitin Anka yana kuka. Ya tarar an yanke wa Makau ƙafa.

"Na yahe maka, Jabiru," Makau ya ce a hankali. "Amma da mi zan ciyar da ɗiyana?"

Jama'a, kalmar sirri a fuskar manhaja ba ta kulle abin da ke ciki. Wanda aka ba amanar bayanan mutane ya kulle su tun ranar farko, domin sakacinsa kan wani yake faɗawa.