Kafintan da Aka Ce Ya Turo Magabatansa

Tasi'u, tunda ka ce ka rasa ta inda za ka fara shirin aurenka, gyara zama in ba ka misalin wani kafinta da na sani.

Iyayensa duka sun rasu, shi kaɗai yake zaune a birni da sana'arsa. Da Allah ya haɗa shi da yarinyar da hankalinsa ya kwanta da ita, sai mahaifinta ya ce masa, "Turo magabatanka." Shi kuwa ya koma ya duƙufa kan abin da hannunsa ya iya. Ya gyara ɗaki, ya sa sabuwar ƙofa da tagogi, ya fara tara atamfofi a akwati. Wata biyu suka wuce ba wanda ya taka gidan surukai, har uban yarinya ya aiko masa cewa ba ya ba da 'ya ga mutumin da bai san tushensa ba, kuma akwai wani mai nema. Ba wai kafinta ba shi da dangi ba ne. Suna can ƙauye, rabonsa da su shekara tara, tun zaman makokin mahaifinsa. Ba faɗa aka yi ba, yau da gobe ce kawai, daga baya kuma kunya ta hana shi. Ya ɗauki waya zai kira, ya ajiye. Washegari ya rufe shago, ya sayi goro da sabulu, ya hau mota.

A gona ya tarar da baffansa, ƙanin mahaifinsa, yana girbin gero. Tsohon ya miƙe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Tun daga nesa na gane ka. Tafiyar ubanka gare ka." Bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Kafinta ya tuɓe riga ya kama aiki, sai da suka ɗaure dami na ƙarshe sannan ya faɗi buƙatarsa, kansa a sunkuye. Baffa ya ce, "Da kati ka aiko, da daga nan zan sa albarka. Tunda ka tako da kanka, auren nan nawa ne." Kwana uku yana zagayawa da shi gida-gida. Gwaggonsa ta rungume shi tana kuka, ta ce lefe ba aikin maza ba ne, ya bar mata. Wani ya ɗauki nauyin hatsin biki, wani ya ce motarsa ce za ta ɗauko amarya. Mako bai cika ba dattawa huɗu suka yi sallama a gidan surukai, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure, sa'ad da baffa yake karɓa masa aure, kafinta ya waiwaya ya ga tabarma uku cike da mutane masu kama da mahaifinsa, ya sa hannun riga ya share ido. Har ya yi furfura, duk lokacin da aka ambaci surukinsa sai ya ce, "Allah ya saka masa da alheri. Ya ba ni mata, ya kuma mayar mini da 'yan'uwana."

To kai ma, kafin ka nemi mai buga kati ko masu girki, ka tashi ka je ka gaida naka. Ai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.