Mamacin Yana Fere Dankali

Rubutun da aka turo mata ta tantance na wani manaja ne a birnin Kopenhagen: "Darussan shugabanci da rasuwar mahaifina ta koya mini." Aikinta ke nan, kamo maƙaryata a dandalin ma'aikata na intanet. Dubban mutane sun yi masa ta'aziyya.

Manajan yayanta ne. Mamacin kuwa ga shi gabanta yana fere dankali.

"Baba, wai ka rasu."

"Ayya. Na sha wuya?"

"A hannunsa ka cika, yana ta kuka. Dole in buga wa rubutun tambarin ƙarya."

Tsohon ya dubi kujerar ɗan nasa, wadda tun wata Kirsimeti ba a sake zama a kanta ba.

"Dakata tukuna, 'yar nan. Ƙila ya zo jana'iza."