Layar Baba

Ɗigon da ke allon wayata ya tsaya a rumfar wata mai doya a kasuwar Arzèkè, a Parakou. Kwana tara ke nan da ɓatan Baba daga Djougou, tsufa ya mantar da shi hanyar gida.

Ni na sa aka ɗinke na'urar da ke aiko ɗigon cikin layarsa, don ba ya rabuwa da ita. Ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, makamashin nukiliya take ci, sai ta shekara hamsin tana nuna inda take.

Da na isa rumfar, a wuyan matar na ga layar, ga ta da tsohon ciki.

"Baiwar Allah, ina mai wannan?"

"Tsohon nan? Kunu na ba shi, sai ya rataya mini, wai Allah ya sauke ni lafiya. Ya ce ayarin goro na jiransa, ya bi hanyar daji."

Na manta Baba bai taɓa cin abin mutum ya tafi babu tukuici ba.

Yau shekara uku, ba a ga Baba ba. Kullum ɗigon yana zuwa kasuwa da safe, ya koma unguwar Ganou da yamma, ina kallonsa. Saura shekara arba'in da bakwai.